Gyaran jerin haƙora: abin da ya kamata ku sani kafin ku soma

Wataƙila kun taɓa ganin budurwa ko saurayi yana dariya, sai kuka hangi ƙananan ƙarafa jere bisa haƙoransa, da siririyar waya ta ratsa su. Wasu suna zaton ado ne irin na haƙorin Makka. A gaskiya magani ne. Likita ne ya ɗora shi don ya daidaita haƙoran da suka fito a karkace. Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba a cika lura da ita a bakin mutum ba. Ita da roba ake yin ta, roba mai haske kamar gilashi, wadda haƙora suke shiga cikinta kamar yadda wuƙa take shiga kube. A cikin wannan darasi za mu kira na farko ƙarfen haƙora, na biyu kuma kuben roba.

Wannan aiki yana cin kuɗi mai yawa, yana cin lokaci mai tsawo. Idan an yi shi daidai, mutum yana amfana da shi har tsufa. Idan an yi shi da ka, ana iya rasa kuɗi a kuma rasa haƙora. Saboda haka ya dace ku fahimce shi sosai kafin ku kai kanku ko ɗanku.

Me yake sa haƙora su karkace?

Yaro yana da haƙoran nono guda 20. Suna soma zubewa idan ya kai wajen shekara 6. Haƙoran girma suna maye gurbinsu, kuma mafi yawansu sukan gama fitowa wajen shekara 12 ko 13. Turame huɗu na can ƙurya sai daga baya suke fitowa. Idan sun cika, babban mutum yana da haƙora 32.

Ga abubuwan da suka fi kawo karkacewa:

1. Gado. Yaro yana iya gadon ƙaramin muƙamuƙi da manyan haƙora. Sai wuri ya yi musu kaɗan, su hau juna.
2. Rasa haƙorin nono tun lokacinsa bai yi ba. Haƙorin nono shi yake tsare wa na girma wurinsa. Idan ya ruɓe aka cire shi da wuri, na kusa da shi sai su matso su cike gurbin. Sabon haƙori ya zo bai sami hanya ba, sai ya fito ta gefe.
3. Tsotson yatsa bayan yaro ya wuce shekara 3 ko 4. Yatsa yana tura haƙoran sama su fito waje.
4. Giɓi. Idan babba ya rasa haƙori, na kusa da giɓin suna kwantowa cikinsa a hankali.

Wane ne yake bukatar gyara?

Yawancin mutane ba su da jerin haƙora daidai kamar an ja zare, kuma ba su da wata damuwa. Wushirya ma ba ciwo ba ce. A ƙasar Hausa kyau ce, ana yabon mai ita. Babu dalilin rufe ta idan haƙoran suna da lafiya.

Amma ku nemi shawarar likita idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Haƙora sun hau juna har buroshi ko asuwaki ba ya shiga tsakaninsu.
2. Haƙoran sama sun fito waje sosai har leɓe ba ya rufe su. Irin waɗannan sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi.
3. Haƙoran ƙasa sun wuce na sama, ko haƙoran gaba ba sa haɗuwa idan an rufe baki.
4. Tauna tana wuya, ko haƙori yana cizon dasashi ko kunci.
5. Yaro yana ɓoye bakinsa, ya daina dariya cikin mutane domin ana yi masa ba'a.

Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka tana ba da shawara a duba bakin yaro tun yana shekara 7. A wannan shekara dubawa kawai akan yi, don a gane matsala da wuri. Mafi yawan yara ana sa musu ƙarfe bayan haƙoran girma sun fito. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ne: ƙashin yaro ya fi saurin karɓar gyara. Duk da haka babba ma ana iya gyara masa, muddin dasashinsa da ƙashin da yake riƙe da haƙoransa suna da lafiya.

Yaya haƙori yake gusawa?

Wannan shi ne tushen maganar duka. Kowane haƙori yana da saiwa wadda ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wasu ƙananan zaruruwa na nama da suke riƙe da haƙorin. Ƙashi kuma abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo.

Idan aka tura haƙori da ɗan ƙarfi kaɗan, dare da rana ba tsayawa, ƙashin da yake gabansa yana narkewa a hankali ya ba shi hanya. A bayansa kuma sabon ƙashi yana ginuwa ya cike wurin da ya bari. Da haka haƙori yake gusawa, kamar milimita ɗaya a wata. Ku dubi ma'aunin tela: ɗan layi ɗaya mafi ƙanƙanta, shi ne milimita.

Shi ya sa aikin yake ɗaukar shekara 1 zuwa 3. Ba a iya gaggauta shi. Idan aka matsa wa haƙori da ƙarfi fiye da kima, saiwarsa tana iya gajarcewa, ko jijiyarsa ta mutu, ko ya soma girgiɗa. Ƙarfe da kuben roba duk da wannan hanya ɗaya suke aiki. Bambancinsu yana wajen yadda ake sa su da yadda ake kula da su.

Ƙarfen haƙora

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1728 wani likitan haƙora na Faransa, Piyer Foshar, ya bayyana cikin littafinsa wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure haƙora a jikinsa don su daidaita.

A yau likita yana manna ɗan ƙaramin ƙarfe bisa kowane haƙori da wani irin danƙo na musamman. Sannan ya zura siririyar waya ta bi ta cikinsu duka. Wayar ita ce take tura haƙoran. Ba a huda haƙori wajen mannawa. Bayan kowane mako 4 zuwa 8 sai ku koma likita ya gyara wayar ko ya sake wata. Wani lokaci sai an cire haƙori ɗaya ko fiye don sauran su sami wuri.

Amfaninsa: yana aiki dare da rana, ba ya bukatar ku tuna da shi. Yana iya gyara matsala mai wuya. Ya dace da yara, domin ba za su iya cire shi su yar ba.

Wahalarsa: kowa yana ganinsa. Abinci yana maƙalewa a jikinsa. Haƙora sukan yi tsami na ƴan kwanaki bayan kowane gyara, kuma ƙarfen yana iya gogar leɓe a farko.

Kuben roba

Wannan ya fi ƙarfe sabunta. Wani kamfanin Amurka mai suna Align Technology, wanda aka kafa a 1997, shi ya yaɗa shi a duniya da sunan Invisalign. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin irinsa.

Likita yana ɗaukar siffar bakinku, a shigar da ita cikin kwamfuta. Daga nan a ƙera muku jerin kube, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. Kuna sa ɗaya mako 1 ko 2, sannan ku wuce ga na gaba. Kowane yana gusar da haƙoran kaɗan.

Amfaninsa: ba a cika ganinsa ba. Kuna cire shi ku ci abinci, ku goge baki yadda kuka saba.

Wahalarsa: sai an sa shi awa 20 zuwa 22 kowace rana. Wanda yake mantawa da shi cikin aljihu, haƙoransa ba za su gusa ba. Ba kowace matsala yake iya gyarawa ba. Sau da yawa kuma ya fi ƙarfe tsada.

Likita ne zai gaya muku wanda ya dace da bakinku bayan ya duba.

Kafin a soma

Ba kowane likitan haƙora ne ya karanci wannan aiki ba. Fanni ne na musamman, da Faransanci ana ce masa ortodonsi. Likitocin haƙora ba su da yawa a Nijar, kuma mafi yawansu suna Yamai. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. Mutumin Tawa ma tafiyar yini ce a gabansa. Ku sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi, domin za ku yi ta komawa har aikin ya ƙare.

Likitan kirki zai fara da duba baki da ɗaukar hoton ƙashi, wanda ake kira radiyo a asibiti. Idan akwai ruɓaɓɓen haƙori ko dasashi yana jini, sai an yi maganinsu tukuna. Ku gaya masa idan kuna da ciwon sukari ko wani ciwo mai daɗewa, ko idan mace tana da ciki.

Ku yi masa waɗannan tambayoyi:

1. Wata nawa aikin zai ɗauka?
2. Sau nawa zan dawo?
3. Za a cire mini haƙori?
4. Nawa ne kuɗin aikin duka, daga farko har ƙarshe? Ku roƙa a rubuta muku a takarda.
5. Idan ƙarfe ya ɓalle ko kube ya ɓata ina gida, me zan yi?

Idan kun ga ba za ku iya kai aikin ƙarshe ba, ya fi kyau ku dakata. Ƙarfen da aka bari a baki ba mai duba shi yana tara datti, haƙora su ruɓe kewaye da shi.

Kulawa lokacin gyara

Mai ƙarfe ya goge baki da buroshi mai taushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, bayan cin abinci da kafin barci. Asuwaki shi kaɗai ba ya isa, domin ba ya shiga ƙarƙashin waya. Ya guji goro, rake, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, tauna ƙashi da ƙanƙara, domin suna ɓalle ƙarfe. Ya guji alewa da cingam. Nama da kilishi a yayyanka su ƙanana.

Mai kuben roba ya cire shi kafin ya ci komai ko ya sha shayi. Ruwa kawai ake sha da shi. Shayi mai zafi yana lanƙwasa roba, sukari kuma yana kwana tsakanin roba da haƙori. Ya wanke kuben da ruwan sanyi, kada ya bar shi a rana, ya ajiye shi cikin akwatinsa.

Bayan an gama

Ranar da aka cire ƙarfe aikin bai ƙare ba. Haƙora suna son komawa inda suka fito. Don haka likita zai ba ku mariƙi: ko siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙora, ko roba da ake sawa da dare. Ana amfani da shi shekaru da yawa, wasu har iyakar rayuwarsu. Wanda ya yar da mariƙi yana iya ganin wahalar shekara biyu ta tafi a banza.

Hattara da araha

Kada ku sa ƙarfen ado da ake sayarwa a kasuwa ko ta salula, wanda wani yake mannawa a shago ko a gida. Yana iya gusar da haƙora ta inda bai kamata ba, ya ji wa baki rauni, ko wani ɓangarensa ya ɓalle a haɗiye shi. A 2006 hukumomin ƙasar Tailan sun hana sayar da irinsa saboda haɗarinsa.

Kada ku ɗaure haƙora da robar ɗaure kuɗi ko zare don rufe wushirya. Roba tana zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi, ta ci abin da yake riƙe da saiwa, har haƙorin ya fita.

Kada ku sayi kube ta intanet ba tare da likita ya duba ku ido da ido ba. Wani babban kamfanin Amurka mai irin wannan ciniki, SmileDirectClub, ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar masu sayen kayansa a tsakiyar gyara.

Abin da za ku iya yi tun yau

Akwai rigakafin da ba ya cin kuɗi mai yawa. Ku koya wa yara goge baki safe da dare. Ku rage musu alewa da kayan zaƙi. Ku taimaki yaro ya bar tsotson yatsa da lallashi, ban da duka. Idan haƙorin nono ya soma ruɓewa, kada ku ce ai zubewa zai yi. Ku kai yaron asibiti a duba shi, domin wannan ɗan haƙori shi yake tsare wa na girma wurinsa.