Sauya Dainamo da Altaneta a Tsofaffin Motocin Ƙasar Gumel

Wannan takarda ta duba dalilin mutuwar batir a tsofaffin motocin Land Rover masu jigila daga Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari. Iyakar dainamon Lucas C40 amfiya 22 ne, kuma ba ya caji sai inji ya ɗau gudu, alhali direba yana yawan tsayawa da dare, fitilu a kunne. Altanetar 16ACR kuwa tana ba da amfiya 34, tana caji ko inji na tafiya a hankali. Amma kafin sauyi wajibi ne makanike ya haɗa negatif da jikin mota, domin waɗanda aka ƙera kafin 1967 fositif aka haɗa musu. Sannan ya cire akwatin regileta, ya sa waya mai kauri. In aka juya haɗin, nan take altanetar za ta ƙone.