Siririn tiyon da ke kashe injin tsohon babur

A Tamale babur ƙafa ce, ba ado ba. Mu malaman da ke tashi daga Nyanshegu zuwa makarantun ƙauye ta hanyar Kumbungu ko Savelugu, wasunmu har yau tsohon Yamaha AG100 muke hawa. Injinsa mai bugu biyu ne, yana ƙona man 2T tare da fetur. Tun 1964 Yamaha ta fito da Autolube, ɗan famfo da ke auna man, ya tura shi injin ta wani siririn tiyo.

To, a nan matsalar take. Zafin injin da shekaru sukan busar da tiyon, ya tsage, iska ta shiga. Babur zai ci gaba da gudu lafiya lau, hayaƙi ne kawai zai ragu, sai fistin ya kama a tsakiyar daji.

Ga yadda nake duba nawa. Ina bin tiyon da ido: in na ga kumfar iska ko ya yi tauri, sai canji. Sannan in kwance ɗan sukurun famfo, mai ya zubo har kumfa ta ƙare. In murɗa totur in ga wayar famfo tana ja daidai da alamarta. Kafin sabon tiyo ya cika, nakan zuba 2T mililita 20 a kowace litar fetur.

Ɗan'uwa, in fita ya ce a cire famfon, tambaye shi ko ya duba tiyo tukuna. Kuɗin tiyo bai kai na fistin ba.