Tafsirin da ke kan faifan CD, shekara nawa zai kai?

'Yan uwa, masallatai da makarantu da yawa suna da tarin tafsirin azumi da wa'azozi a kan faifan CD, wasu daga cikin malaman ma Allah ya yi musu rasuwa. Ana ɗauka an adana ke nan, alhali faifan yana lalacewa ko da ba wanda ya taɓa shi.

Faifan da ake kwafa da kwamfuta, wato CD-R, daban yake da wanda kamfani ya buga. A cikinsa akwai siririn shafe na rini, shi hasken na'ura ke ƙonawa ya bar tabon da ake karantawa. Rinin nan kuwa koɗewa yake yi kamar na atamfa: rana da zafi da laima suna cin sa a hankali. To ina ga faifan da ya shekara a ɗakin kwano a Maradi ko Damagaram, inda zafin bazara ke wuce digiri 40?

Mutane kan kula da fuskar da ke ƙyalli, su yi sakaci da ta sama. Amma a CD, sautin yana dab da fuskar da ake rubuta suna, fenti kaɗan ne ya rufe shi. Rubutu da biro ko ɓare takardar da aka manna na iya tafiya da karatun.

A ajiye faifai a tsaye cikin gidansa, a inuwa. Wanda yake karantuwa a kwafe shi tun yanzu, a ajiye a wuri biyu daban, domin sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wurin sa faifai.