Auna Ƙarfin Zuciya da Huhu Ba Tare da Gudu Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa shiga tseren dogon zango a makaranta ya ga yadda sa'o'in juna biyu kan bambanta: wannan ya iso yana haki kamar ransa zai fita, wancan kuwa ya iso yana hira. Babban abin da ya raba su shi ne yawan iskar oksijin da huhu ke ɗauka, zuciya ta tura ta cikin jini, tsoka ta yi aiki da ita. Wannan adadi yana da iyakar da ba ya wucewa komai ƙoƙarin mutum. A. V. Hill na Ingila da abokin aikinsa Lupton ne suka bayyana ta a shekarar 1923, masana kuma suna rubuta ta da alamar VO2max. Ana lissafa ta da mililita na oksijin ga kowane kilo na nauyin jiki a minti ɗaya. Wanda ke zaune yana cin kimanin 3.5, saurayi mai lafiya kan kai 40 zuwa 50 in ya ƙure, zakarun gudu kuwa sukan wuce 70.

Maganar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. A 1989 Steven Blair da abokan aikinsa a birnin Dalas na Amurka sun buga sakamakon bibiyar mutum fiye da 13,000 na kusan shekara takwas, inda suka ga mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin waɗanda ƙarfin zuciyarsu da huhunsu ya fi rauni. A 2016 Ƙungiyar Masana Zuciya ta Amurka ta nemi likitoci su riƙa duba wannan ƙarfi kamar yadda suke duba hawan jini.

To, amma ainihin awon yana da wuya. Sai an ɗora mutum a kan injin gudu ko keken awo, an rufe masa hanci da baki da takunkumi mai bututu, ana ƙara masa wahala har ya gaza. Kayan suna da tsada, kuma tsoho, da mai ciwon gwiwa, da wanda ake shirin yi wa tiyata, waɗanda su ne suka fi bukatar awon, su ne awon ya fi yi wa wuya.

Mafita tana cikin yadda zuciya ke aiki. Jikin baligi yana bukatar kimanin lita 5 na jini a minti ɗaya lokacin hutu. Zuciyar da ke tura mililita 70 a kowane bugu sai ta buga sau 70 da 'yan kai kafin ta cika wannan. Wadda ta horu, mai tura mililita 100, bugu 50 ya ishe ta. Ashe ke nan ko a kwance mutum yake, zuciyarsa tana ba da labarin kanta.

A kan haka ne Uth da abokan bincikensa na Denmak suka fito da wani lissafi a 2004: a raba bugun zuciya mafi yawa da bugun lokacin hutu, sannan a riɓanya da 15.3. Bugu mafi yawa kuma ana ƙiyasta shi ta hanyar riɓanya shekarun mutum da 0.7, a cire daga 208. Malami ɗan shekara 40 zai sami 180. Idan bugunsa na hutu 72 ne, sakamakonsa 38 ke nan. Idan 60 ne, ya kai 46. Wasu hanyoyin sukan ƙara tambayoyi. Ta Jackson, wadda aka gina a 1990 daga bayanan ma'aikatan hukumar NASA, tana amfani da shekaru da jinsi da ƙiba da yawan motsa jiki. Ta jami'ar Trondheim a Norwe, ta 2011, ta haɗa da faɗin ƙugu.

Hanyar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta sauraren girgizar ƙirji. Duk lokacin da zuciya ta matse ta buɗe ƙofar babbar jijiya, ƙashin ƙirji yakan yi wani ɗan motsi da hannu ba ya iya tantancewa. Tun 1961 wani masanin Tarayyar Sobiyet, Bozhenko, ya naɗi wannan motsi, aka kuma aro masa suna daga awon girgizar ƙasa. Masana a Jami'ar Aalborg ta Denmak sun nuna a 2020 cewa siffar girgizar, musamman lokacin da zuciya ta saki jiki tana cika da jini, tana da alaƙa da VO2max. Daga nan aka sami na'urar Seismofit, wadda ake manna wa mutum a ƙashin ƙirji yana kwance, kwamfuta ta haɗa girgizar da shekarunsa da jinsinsa da tsayinsa da nauyinsa, ta ba da amsa cikin 'yan mintoci.

Sai dai mai karatu ya lura: duk waɗannan ƙiyasi ne, ba awo ba. Lissafin tambayoyi yakan kauce da kimanin 5 sama ko ƙasa, wato wanda aka ce masa 38 yana iya zama 33 ko 43. Wannan ya isa a gane rukunin da mutum ke ciki, amma bai isa a ce wane ya fi wane ba. Haka kuma an gina lissafe-lissafen ne a kan Turawa da Amurkawa, na Uth ma a kan maza 46 horarru kaɗai. Tambayoyin sun fi karkata ga wasanni irin su gudu da iyo, don haka manomin da ya wuni yana huɗa zai iya amsa cewa ba ya motsa jiki.

Akwai kuma abin da na'urar ƙirji ba ta gani, wato jinin kansa. Mai ƙarancin jini, ko mai ciwon sikila, zuciyarsa na iya zama lafiya alhali oksijin ɗin da jinin ke ɗauka ya ragu. Malamin da zai gwada lissafin Uth a aji ya sa ɗalibai su ƙirga bugun a wuyan hannu da asuba kafin su tashi daga shimfiɗa, na cikakken minti ɗaya, kwana uku a jere. Wanda ke fama da zazzaɓi ya dakata har ya warke, domin kowane digiri ɗaya na ƙarin zafin jiki yana ƙara bugun da kusan goma.