Hutun teku da hutun tafki: darasi ga Magarya da Dungas

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma teku na shiga tukunyar miyarmu. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwannin Magarya da Dungas daga can aka kamo shi. In ya yi ƙaranci a teku, aljihun talakan Damagaram ne zai fara shaidawa.

Shi ya sa ƙasashen gaɓar Atlantika suke keɓe wasu sassan ruwansu, su hana kamun kifi a ciki ko su taƙaita shi, domin kifi ya hayayyafa. Muritaniya ta kafa gandun Banc d'Arguin a 1976, mai faɗin murabba'in kilomita 12,000. Masunta ƴan asalin wurin, Imragen, su kaɗai aka yarje wa kamun kifi a ciki, su ma da jiragen filafilai, ba masu inji ba. A Senegal, mutanen ƙauyukan Salum suka rufe mashigin Bambung a 2003, suka ɗauki gadinsa da kansu, kuma cikin ƴan shekaru manyan kifaye suka dawo. A 2007 aka kafa RAMPAO, wadda ta haɗa gandayen ruwa na ƙasashe bakwai, daga Muritaniya zuwa Saliyo.

Duk da haka, da sauran aiki. A Disamban 2022, a birnin Montreal, ƙasashen duniya suka yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na tekuna kafin 2030, alhali abin da aka keɓe a lokacin bai wuce wajen kashi 8 ba. Wasu gandayen ma a takarda kawai suke, babu jirgin sintiri, babu albashin masu gadi. Manyan jiragen waje na kwasar kifi a bakin iyakokinsu, masana'antun Nuwadibu kuma na niƙa ƙananan kifaye su zama abincin dabbobi a ƙetare.

Inda aka ci nasara, mazauna wurin ne ke riƙe da doka. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun kaka da kakanni sarkin ruwa ne ke faɗin ranar buɗe su da ranar rufe shi. Manoman Magarya, Matamai da Mirya kuwa sun maido da gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, saboda sun san itacen nasu ne.

Tafkunan kwarin Korama suna buƙatar irin wannan riƙo. Rairayi na cike su, kacalla na shaƙe su, raga mai ƙananan idanu na kwashe kifi tun bai kai hannu ba. Tafkin Gidimuni ya shiga jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2019, amma suna kaɗai ba ya raya ruwa. Ya kamata magadan gari, sarakunan ruwa, masunta, makiyaya da masu lambu su zauna su tsai da watannin hutun su a damina, su ƙayyade idon raga, su naɗa masu tsaro daga cikinsu. Wanda ya ci moriyar tafki shi ya fi cancanta a damƙa wa amanarsa.