Kifin Ado Na Ruwan Zartsi: A Yi Tambaya Kafin A Zuba Jari

Duk wanda ya san unguwar Briqueterie a birnin Yawunde ya san ta da tsire da teloli da shagunan atamfa da kuma babban masallaci. Sai dai yanzu mutum kan shiga falon wani Alhaji ko shagon wani tela ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye na kai da komo a ciki. Ganin haka ya sa wasu 'yan'uwanmu fatake da ke safara tsakanin Duwala da Yawunde, har zuwa Kye-Ossi da Garoua-Boulai, suka fara tambayarmu ko wannan harka ce da za a sa kuɗi a ciki. Amsarmu ita ce akwai riba, amma ga wanda ya san ruwan da kifinsa ya fito.

Mu kanmu mun ɗanɗana kuɗarmu. Mun sayi kifaye shida masu ƙyalli kamar azurfa a hannun wani mai talla da ya kawo su daga Duwala, muka zuba su a ruwan famfo. Da farko sai suka daina cin abinci, launinsu ya dushe, ba a yi wata biyu ba duk suka mutu. Daga baya ne muka gano cewa kifin ruwan zartsi ne, mu kuwa ba mu tambaya ba.

Abin da ake nufi da ruwan zartsi a nan shi ne wurin da kogi ke haɗuwa da teku. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ruwan kogi kuwa bai kai rabin giram ba, na zartsi yana tsakani. Irinsa ne a bakin Duwala, inda kogunan Wouri da Mungo da Dibamba ke zuba cikin teku, wurin da Turawan Fotugal suka tarar da jatan lande masu yawa a ƙarni na 15, har ƙasar Kamaru ta samo sunanta daga nan. Kada mai karatu ya ɗauka zartsin rijiya mai kanwa da muka sani a Arewa zai iya maye gurbinsa, domin sinadaransu ba ɗaya ba ne.

Dalilin mutuwar kifi a ruwan da ba nasa ba yana cikin jikinsa. Kifin kogi jikinsa ya fi ruwan gishiri, don haka ruwa ke shiga masa, shi kuma yana fitarwa. Na teku kuwa ruwa ke fita daga jikinsa, yana sha yana mayarwa. Idan aka sauya musu mazauni farat ɗaya, jiki ya kan gaza.

To, wane kifi ya kamata a zaɓa? Ga mai farawa, babu kamar waɗanda ake kira moli da gufi. Ba su da tsada, suna jure gishiri kaɗan, kuma haihuwa suke yi maimakon ƙwai, saboda haka ɗan kasuwa zai ga jarinsa na ƙaruwa a cikin akwati.

Sai irin wanda muka yi asara, mai faɗi da launin azurfa da baƙaƙen zane a tsaye, wanda masana ke kira Monodactylus sebae. Ɗan gabar Afirka ta Yamma ne. Ana sayar da shi yana ƙarami, amma yakan girma ya kai tafin hannu ko fiye, ba ya zama shi kaɗai sai cikin garke, kuma yana ƙara son gishiri idan ya girma. Wanda akwatinsa bai kai lita 200 ba, gara ya haƙura da shi.

Akwai kuma kifin nan mai idanu a bisa kai da ke tsalle a kan laka a gabar Duwala. Yara na sonsa matuƙa, amma yana buƙatar tudu ko itacen da zai hau, da murfi a kan akwatin, in ba haka ba za a wayi gari a tsince shi a ƙasa. Mazansa kuma ba sa jituwa a ƙunci.

Mu yi hattara da suna. Kifin da ake kira kribensis ya samo sunansa daga garin Kribi na bakin teku, amma a rafuffukan ruwan daɗi yake rayuwa. Haka talibambam ɗinmu na Binuwai da Tafkin Chadi, ɗan ruwan daɗi ne, ga shi da cizon maƙwabta.

Game da haɗa ruwan, gishirin miya bai wadatar ba, sai gishirin teku da ake haɗawa musamman don kifi. Ana fara wa da kamar giram 7 a kowace lita, a ƙara zuwa 14 ga masu son gishiri sosai, ana aunawa da ma'aunin nauyin ruwa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin a yi amfani da shi. Sabon akwati kuma a bar matatarsa ta yi aiki na wasu makonni kafin a cika shi da kifi. Idan ruwa ya ragu saboda zafi, a cike da ruwan daɗi kawai, domin gishirin yana nan bai tashi ba. Sannan Yawunde na kan tudu, ta fi Duwala sanyi, kifin nan kuwa sun fi son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 28. Tun da wuta kan ɗauke, a tanadi injin iska mai batir.

Ga fatake, tafiyar kusan kilomita 240 daga Duwala ba ƙaramar wahala ba ce ga kifi. A ɗauko shi da ruwan da aka same shi a ciki, a bar iska mai yawa a leda, a kare shi daga rana. Mai niyyar tsallake iyaka da kifi mai rai ya fara neman takardar likitan dabbobi daga ma'aikatar kiwo da kamun kifi ta MINEPIA.

Wanda ya gaji da kifinsa kuma kada ya zubar da shi a kogin Mfoundi ko tafkin birni. Karfasa mai baƙin haɓa, 'yar ruwan zartsin gabarmu, ta bazu a ƙasar Tailan tana cinye 'ya'yan kifi da jatan lande, har gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da ita a 2024.

Malamanmu sun sha tunatar da mu labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Kifin da ke cikin gilashi ma amana ce a hannun mai shi. Don haka kafin a yi ciniki, a tambayi mai sayarwa daga wane ruwa kifin ya fito, nawa ne gishirinsa, kuma girmansa zai kai ina. In ya kasa amsawa, a mayar da kuɗi aljihu. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.