Ɓera, Kyandir da Almakashi: Raddi ga Masu Yi wa Wasan Kwamfuta Kuɗin Goro

Daga zangon Sokode har Dapaong da Naki-Est a ƙasar Togo, da wuya ka sami uban da bai yarda da wannan magana ba: wasan kwamfuta shashanci ne, yana cinye lokacin yaro, yana kashe masa zuciya, kuma babba mai hankali ba ya kusantarsa. Masu faɗin haka ba da ka suke magana ba. Iyaye ne da suka aiki yaro cefane ya biya ɗakin gem da canjin, da malaman da suka ga ɗalibi yana gyangyaɗi a aji saboda ya kwana da waya a ƙarƙashin mayafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba su gaskiya ta wani ɓangaren, domin a 2019 ta amince a sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, kundin kuma ya fara aiki a 2022. Sai dai ta gindaya sharaɗi: sai wasan ya fi ƙarfin mai yinsa, ya ture sauran harkokin rayuwarsa, ya ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi a ɗauki aƙalla wata 12 a haka. Ba ta ce duk wanda ya taɓa gem ya kamu ba.

Inda na rabu da iyayenmu, cikin ladabi, shi ne wajen yi wa wasannin kuɗin goro. Akwai na harbe-harbe, akwai na caca da aka yi wa kwalliyar ƙwallon ƙafa, waɗannan ban zo kare su ba. Akwai kuma wani iri da mafi yawan masu sukar ba su taɓa zama sun kalla ba, wato wasan haɗa na'ura.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne The Incredible Machine, wanda kamfanin Dynamix na Amurka ya fitar a 1993, Kevin Ryan ya tsara shi, Jeff Tunnell ya jagoranci aikin. Ba maƙiyi a ciki, ba kisa, ba tsere. Za a nuna maka fili da wasu kaya an riga an kafa su, a gefe kuma ga ɗan akwati da kayan da aka yarda ka yi amfani da su, sai a ba ka aiki guda: jefa ƙwallon nan cikin kwando, ko kunna kyandir ɗin can, ko fasa balan-balan. Kayan kuwa abin dariya ne. Ga ɓera a keji, wanda in an bugi kejin sai ya ruga a guje ya juya ƙafar injin. Ga biri a kan keke, ba ya tuƙi sai an ja labule ya hango ayaba. Ga zugazugi irin na maƙera, ga fanka, almakashi, bokiti, igiya, tocila, gilashin da ke tara haske. In kana son wuta, sai ka san yadda ƙwallo za ta faɗo kan makunnin tocila, hasken ya ratsa gilashi, ya kama lagwanin kyandir. In kana son bokiti ya faɗo, sai wani abu ya danne almakashi ya yanke igiyar da ke riƙe da shi. Idan ka gama jerawa sai ka danna maɓalli ka naɗe hannu, domin daga nan ba ka da ikon taɓa komai. Na'urar da ka haɗa ita za ta yi maka shaida ko ta tona maka asiri.

Abin da ya kamata kowane uba ya sani game da wannan wasa shi ne babu sa'a a cikinsa. Masu tsara shi ba su sa ƙuri'a a lissafin motsin kayan ba. In ka jera su iri ɗaya sau goma, sau goma za su yi abu ɗaya. Yaro ba shi da bakin cewa “yau ba ranata ba ce.” In ƙwallo ta wuce kwando, to katakon da ya jingina ya yi tudu da yawa, ko ya ajiye shi nesa, kuma ba mai gyara masa sai shi. Wannan kishiyar caca ce ƙiri-ƙiri. Caca tana koya wa matashi jiran rabo, wannan kuwa yana tilasta masa ya tambayi kansa: a ina abin ya tsaya, kuma me ya tsayar da shi?

Na taɓa ganin wani ɗan ɗan'uwana, bai kai shekara 12 ba, yana fama da wani mataki a tsohuwar kwamfutar babansa, a rumfar da ke kusa da garejin babura. Ɓera yana gudu, bel yana juyawa, amma ƙwallon sai ta yi hagu alhali kwandon yana dama. Ya kwashe kayan ya sake jerawa, haka dai. Bakaniken da ke wanke hannu da fetur a gefe ya leƙo, ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, “Kai yaro, daina rushe aikin duka. Ɓeranka lafiya lau yake, bel ɗinka ma lafiya. Juya kejin ya fuskanci can.” Yaron ya ce, “Kawu, ka iya gem ne?” Ya ce, “Ina fa. Amma in babur ya ƙi tashi ba injin nake saukewa ba. Fulogi nake fara dubawa, in da wuta in koma kan mai.” Yaron ya juya kejin, bel ya juya ta ɗaya hannun, ƙwallo ta faɗa kwando. Bakaniken bai koma bakin aikinsa ba sai da ya ga mataki na gaba, yana ta gardama a kan inda ya kamata a ɗaura igiya.

Wannan bin sawun matsala, gaɓa bayan gaɓa, shi ne jarin duk mai sana'ar hannu. Mai injin niƙa da bel ɗinsa ke zamewa shi yake yi. Mai lambun tumatir da injin ban ruwansa ke kuka ba ya jawo ruwa shi yake yi, ya duba tiyo ko iska na shiga, ya duba bakin da ke cikin ruwa ko ya toshe. Kakanninmu da suka kafa jigo a bakin fadama, suka ɗaura nauyi a gindin sanda don guga ya tashi ba wahala, ba su karanta kimiyya a aji ba, gwadawa suka yi ta yi har nauyin ya daidaita. A makaranta kuwa sau da yawa yaro yana haddace dokokin motsi da na nauyi ya zuba a takardar jarrabawa, bai taɓa ganin sun yi aiki ba, domin makarantun karkara da yawa ba su da ɗakin gwaji. Wasan nan ba ɗakin gwaji ba ne, amma a cikinsa ana iya rage ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, ko a canja kaurin iska, a ga yadda ƙwallo da balan-balan za su yi. Malamin da ke da allo da alli kawai ba shi da hanyar nuna wannan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu da ke sukar wasan mun yi irinsa muna yara. Wa bai haɗa motar kara ba? A fere ɓargon karan dawa, a soke shi da tsinke, a yanko tsohon silifa a yi taya, wanda ya ƙware ya koma motar gwangwani da ta waya mai sitiyari dogo har ƙugu. Mun sha faɗa a kan haka, an ce mun tara shara a tsakar gida, an ce wuƙa za ta yanke mu. Yau kuma in muka tuna sai mu ce yaran da sun fi na yanzu basira. Ƙaiƙayin da ya sa muka tsuguna a bayan danga muna gwada taya, shi ne ya zaunar da yaron yau a gaban ɓera da almakashi.

Ga masu ganin cewa irin wannan abu bai dace da mutumin kirki ba, ko kuwa baƙon abu ne da Turawa suka kawo, akwai tarihi. A Bagadaza, a ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun bar littafin Kitabul Hiyal mai ɗauke da na'urori kusan 100. Da yawansu na ban mamaki ne da nishaɗi: tulun da ke zuba ruwa ya tsaya da kansa, fitilar da ke ƙara wa kanta mai, maɓuɓɓugar da ke sauya fasalin feshinta. A 1206 kuma Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da take Turkiyya a yau, ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50. Mafi shahara ita ce agogon giwa. A cikin giwar akwai tukunyar ruwa da ƙwarya mai huda tana iyo. Ƙwaryar tana cika a hankali, in ta nutse bayan rabin awa sai ta ja igiya, igiya ta saki ƙwallon ƙarfe, ƙwallon ya faɗa bakin maciji, maciji ya sunkuyo saboda nauyi ya jawo ƙwaryar sama, mai tuƙin giwa ya buga ƙararrawa, aiki ya koma farko. Duk yaron da ya yi The Incredible Machine zai gane wannan agogo nan take. Kuma mutumin da ya yi giwar shi ne ya tsara injinan ɗaga ruwa don amfanin gona da gari. Bai ɗauki na wasan da na aikin a matsayin ilimi biyu ba.

Saura batun cewa na yara ne. Matakan farko kam yaro ɗan shekara bakwai zai ci su, amma na can ciki suna sa babba ya yi tagumi. Mutanen da suka yi na 1993 sun sake haɗuwa suka fitar da Contraption Maker a 2014, wanda mutum zai iya ƙirƙiro nasa matakin ya ba wani ya warware. A waya akwai World of Goo, na gina gada da hasumiya, wanda ya fara fitowa a 2008, da Bad Piggies na kamfanin Rovio na ƙasar Finland a 2012, inda ake haɗa amalanke da jirgi da fanka da balan-balan. Taurarin wannan na ƙarshen aladu ne kore shar, wanda hakan bai kwanta masa ba sai ya zaɓi wani. Dattijon da zai wuni a gindin bishiya yana dara, yana lissafin ƙwaya uku gaba, ba wanda ya ce ya zubar da girma. Ban ga dalilin da zai sa a ce ya zubar don ya zauna da jikansa suna shawarar inda za a sa fanka ba.

Togo kuwa ba ta rasa shaidar abin da wannan ɗabi'a ke haifarwa. A Lome, Sénamé Koffi Agbodjinou ya buɗe WoeLab a 2012, wurin da matasan unguwa ke haɗuwa suna ƙere-ƙere. A can ne Afate Gnikou ya tattaro matattun kwamfutoci da firintoci daga juji a 2013, ya haɗa na'urar da ke ƙera abu da narkakkiyar roba, shimfiɗa kan shimfiɗa, har labarinsa ya zaga duniya. A Kano ta Najeriya ma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen ƙarfe. Bai yi sama can ba, amma ya sa duniya ta waiwayo. Ba gem nake cewa ya yi waɗannan mutane ba. Abin da nake cewa, halin da ya kai su, na kallon tarkace a ga inji da jure faɗuwa ba tare da zargin kowa ba, shi ne halin da wannan wasa ke nema daga mai yinsa tun matakin farko.

Wasan yana da iyakarsa, kuma a nan masu sukar suna da sauran gaskiya. A allo igiya ba ta tsinkewa don ta ruɓe, noti ba ya tsatsa, guduma ba ta bugun yatsa. Yaron da ya ci mataki ɗari bai iya riƙe sifana ba sai an koya masa. Na waya da ake saukewa kyauta kuma cike suke da talla, wasu tallan ma na caca ne, ga cin data, ga cin caji a garin da wayar gida ɗaya ce kuma sai an biya kuɗi a wurin mai sola kafin ta cika. Uban da ya ce sai an gama aikin gida da karatun allo da na boko, kuma ba a kwana da waya, ya yi daidai, ko da wane irin wasa ne.

Roƙona ga iyayenmu da malamanmu bai wuce wannan ba: kafin a ƙwace wayar, a leƙa a ga abin da ke ciki. In caca ce ko harbi, a yi hukuncin da ya dace. In kuwa aka tarar da yaro yana ɗaura igiya a wuyan bokiti yana neman yadda kyandir zai kama, a ja kujera a ce ya yi bayanin abin da ya haɗa, da dalilin da ya sa bai yi aiki ba. Ranar da ba makaranta kuma a ba shi gwangwani da waya da tsohon silifa ya haɗa irinsa a tsakar gida, ko a kai shi wurin bakanike ya wuni yana miƙa sifana.